Ka Kwance Jakar Nan Ka Sake Ɗaure Ta

Ƙaura Namoda, ranar Laraba

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Shinkafi, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kau da idon mugu daga kanka. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Ba labarin gida ne ya sa na nemo tabarau na yagi takarda a littafin ƙanwarka ba, wannan Innarka za ta cika maka kunne da shi ta waya. Abin da ya zaunar da ni jakar nan ce da ka ɗaure a kan kekenka, can gaba inda hannu ke riƙewa. Yau kwana huɗu da tafiyarka, kwana huɗu kuma tana ci mini rai. Ko tuwo na sa a gaba sai in hango ta tana reto.

Da aka ɗauke ka malamin dabbobi, aka ce za ka riƙa zagaya Badarawa da Jangeru har Galadi kana yi wa awaki da shanu allura, ka ce keke za ka saya ba babur ba, na yi murna a raina ko da ban nuna ba. Mai ya yi tsada, kuma a hanyoyin nan yau babur kiran ido ne. Na ce ashe yaron nan yana da kai. Sai ga jaka.

Ranar Juma'a da la'asar ina zaure kana tsakar gida kana ɗaure ta, ka jingina wayarka da bokiti, wani Bature a ciki yana nuna maka yadda ake yi. Ina leƙenka ta ƙofa. Jaka doguwa kamar matashin kai, da igiyoyi masu maɓallin roba da ke cewa ƙas. Ban ce ba ta da kyau ba. Amma ka cika ta da kwalaben magani, ta danne wayoyin birki har sun lanƙwashe, cikinta ya sauko tsakaninta da taya bai fi yatsa biyu ba, sannan ka bar jelar igiyoyin suna lilo gefen taya kamar bindin saniya.

Ka san kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi doguwar magana ba, ko sunanka ba na kamawa. Haka muka taras, haka mahaifina ya yi da yayana. Don haka na kira Innarka na ce, "Ki ce ma yaron ga shi sake ɗaurin ga, bai yi ba." Ta je ta dawo tana ƙunshe dariya, ta ce, "Ya ce in ce maka wanga ba irin kekenku na da ba na. Wai daga waje anka yo jakar, an gwada ta bisa duwatsu."

An gwada ta bisa duwatsu! To an gwada ta a rairayin Jangeru? An gwada ta a hanyar da motar itace ta tona ta bari? Baturen nan naka in ya faɗi akwai mai ɗaukar hotonsa a gefe, kai in ka faɗi a dajin Galadi sai dai tsuntsaye su yi maka sannu.

Ranar Asabar na biyo ta tasha kamar wucewa nake yi, ana ɗora keken bisa mota da jakar a jikinsa yadda ka ɗaure ta. Na dubi wani wuri na ce, "Ɗaurin ga dai bai yi ba." Ka durƙusa ka ce, "To Baba." Na san wannan "to" ɗin, ba shi da ciki ba shi da baya. Tun da baki ya gaza, ga takarda. Ita ba ta da ido, ba na jin kunyarta. Ranar Litinin aka ce za ka fara fita ƙauyuka, saboda haka zan ba Sani direba ita gobe Alhamis da zai kai mutane kasuwa. Ka karanta ta har ƙarshe kafin ƙafarka ta taɓa feda.

Kada ka ɗauka gwani ne ke yi maka magana. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koli a kan keke tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a shago, kuma ba a waya na koyi ɗaurin kaya ba, a ƙasa na koye shi, da gwiwa da haƙarƙari. Babu wautar da kake shirin yi wadda ban riga ka yin ta ba. Abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

Watana biyu da fara fita, kawuna Maiwada, wanda ya sa ni a sana'ar, ya tarar da ni ƙofar gida na cika kariyar baya, wurin ɗora kaya, ba masaka tsinke, ga galan ɗaya na man gyaɗa ya rage. Na sa igiya na rataye shi a kan keke, ɓangaren hagu. Kawu ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Mamman, kan keke na riƙo na, ba na ɗauka ba na. Aje man ga, ka kai shi wani mako." Na ce, "To Kawu." Irin naka sak. Yana juya baya na hau.

A hanya mai tauri lafiya lau, sai dai hannuna na dama da ya yi ta aiki kamar ina jan ɗan maraƙi. Har na fara yabon kaina. Da na gangara gulbi, rani ne ruwa ya janye sai rairayi, tayar gaba ta nutse, galan ya yi gaba ya dawo, kan keke ya murɗe hagu ba da shawarata ba. Ban san sadda na kai ƙasa ba. Murfi ya fice, mai ya bi rairayi ina kwance ina kallo. Ga mata nan suna wanki a ramukan da suka tona, wata tsohuwa ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Sannu ɗan nan. Rairai za ka soya muna?" Suka tuntsire da dariya. Na koma gida da riga jiƙe da mai, Kawu kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ka ji. Duk abin da ke da nauyi baya yake zama, bisa kariya, ƙasa-ƙasa. Kwalaben nan ka fitar da su, ka naɗe kowace da tsumma, ka jera su a akwati ka ɗaure a baya. Jakar gaba ka ba ta abin da ko iska za ta iya ɗauka: rigar ruwa, kayan canji, abin salla. Kuma ka raba su daidai, kada hagu ta fi dama. In ka gama ka saki kan keken ka gani. In ya faɗa gefe guda da kansa, haka zai yi maka a rairayi, kuma ba zai tambaye ka ba.

Maganar birki ita ce har yau ba a bar ni na huta da ita ba. Saura kwana uku Sallah na ɗauko atamfa zan kai Zurmi. Na riga na koyi darasin nauyi, don haka turmi biyu kawai na sa a gaba. Na ɗauko robar tsohon tub na cikin taya na nannaɗe, na ja, na sake ja, ina cewa a raina yau ko guguwa ba ta motsa wannan. Ashe garin nannaɗewa na haɗa da ƙarfen birki. Ban gwada ba, don me zan gwada, ni da na iya?

Akwai wata gangara kafin a shiga gari. Ina saukowa keke yana gudu yana ba ni iska, sai ga wani dattijo a tsakiyar hanya yana kore da jakinsa, an labta masa tukwane da tuluna. Na matsa birki, birki ya ce bai san ni ba. Na kaɗa ƙararrawa, jaki ko kunne bai motsa ba. Na sa ƙafa a ƙasa, silifa ta tafi abinta. Sai ji ka yi rugum. Ni da jaki da tukwane muka zama abu ɗaya.

Dattijon nan bai yi ihu ba. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, ba ka da birki?"

Na ce, "Ina da shi, Baba."

Ya ce, "Ina shi?"

Na duba, na ce, "Na ɗaure shi."

Mutane sun riga sun taru, kowa ya ji. Daga ranar sunana a kasuwar Zurmi ya koma Na-ɗaure-shi. Akwai tsofaffin da in ka ce musu Mamman mai koli ba su san shi ba, amma ka ce Na-ɗaure-shi yanzu za su tambaye ka ko ina raye. Sai dai akwai inda abin ba na dariya ba ne. Tukwanen na matar dattijon ne, aikin wata guda, da su za ta yi wa 'ya'yanta kayan Sallah. Na ga yadda ya tsuguna yana tsince kasake yana haɗa bakinsu kamar za su koma. Atamfar nan biyu a wurin na sauke masa su, kuma ko da haka ban iya duban idonsa ba.

Ni kuma birkina na ƙarfe ne. Naka waya ce siririya a cikin roba, abin da ko kallon banza ba ta so. Ka danne ta da jaka ta lanƙwashe, yau za ta kama, gobe ta kama da ƙyar, jibi ka matsa ka ji wayam. Kuma birki ba ya zaɓar ranar da hanya take shimfiɗe ya ƙi aiki, sai ranar da garken shanu ya fito maka daga kwana. Ka samu tsohuwar silifa ka yanka ta gida-gida, ka jera biyu ko uku tsakanin jakar da ƙarfen kan keke, a wurin da igiya ke zagayawa. Za su tura jakar gaba kaɗan, wayoyin su sami hanyarsu, yatsunka ma su sami wurin riƙo. Na san za ka ce silifa za ta ɓata wa jakarka ado. Ta ɓata. Awakin Badarawa ba kallon ado za su fito ba.

In ka gama ɗauri, kowace safiya ba ranar farko kaɗai ba, ka matsa birkin dama ka tura keken, ka matsa na hagu ka tura. Ka juya kan keke hagu har ƙarshe, ka juya dama har ƙarshe, ka ga ko akwai abin da ya ja ko ya toge. Sannan ka ɗaga gaban ka juya taya da hannu ka kasa kunne. Duk wannan bai kai lokacin da kake ɓatawa wajen gyara hula a madubi ba.

Na ce ka kasa kunne, don ni kunne gare ni amma ban yi aiki da shi ba. Wata Alhamis na fito da sassafe zan kama kasuwar Shinkafi, na sa ɗan buhun sukari a gaba da sabuwar igiya. Na ɗaure shi tamau, na gwada birki, komai daidai. Abin da ban sani ba sabuwar igiya saki take yi in ta sha girgiza. Ban yi nisa ba na fara jin wani abu yana cewa shii, shii. Na ce madigadi ne ke gogar taya, in na isa mai gyara ya duba. Wani mai keke ya wuce ni yana nuna gabana da baki yana magana, na ɗaga masa hannu na ce, "Lahiya lau, mun gode!" Ina sauri, kar a riga ni wurin zama.

Da na sauka na taɓa buhu sai hannuna ya shige. Ashe ya sauko ya kwanta a kan taya, taya ta ci shi ta huda, sukari yana ta bin hanya tun daga inda Allah kaɗai Ya sani. Tururuwan hanyar Shinkafi ba su taɓa yin biki irin na ranar ba. Na sami wurin zaman da nake wa sauri, na zauna a cikinsa da buhu rabi.

Kai taka yatsa biyu ce daga taya tun tana tsakar gida, ba ta ga rami ko ɗaya ba. Yatsa huɗu nake so, a jere, su shiga su fita ba su taɓa komai ba. Kuma igiya biyu da ka ɗaura a sama ba su isa ba, don jakar za ta riƙa tsalle tana dukan taya duk ramin da ka faɗa. Ka ƙara ta uku daga ƙasan jakar ka zagaya wuyan keke, ta riƙe ta kar ta yi sama kar ta yi ƙasa. Igiyoyinka masu ƙas ɗin nan ka bar su, ban hana ba, amma ka bi bayansu da roba. Roba in kaya ya motsa tana bin sa ta sake kama shi, igiya kuwa in ta saki ta saki ke nan. Inuwar farko da ka samu bayan ka bar gari ka sauka ka sake jan komai. In kuma ka ji wata ƙara da ba ka saba ji ba, ka tsaya nan take. In wani ya nuna maka gabanka da baki, ba gaisuwa yake yi ba.

Yanzu ka gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce. A shekaruna na ƙarshe a hanya, sadda daji ya fara lalacewa, ina alfahari da ƙullina. Ƙulli nake yi uku a kan juna, wanda ko ni sai na sa haƙori. Wata rana da hantsi muna tafe mu biyar, sai ga mutane sun fito daga gona a guje suna cewa, "Ku koma, ga su nan!" Abokan tafiyata kowa ya ja igiyarsa sau ɗaya kaya suka zube, suka juya kekuna suka taka. Ni na tsaya ina kokawa da ƙulli. Da kayan ba zan iya gudu ba, ƙullin ya ƙi kwancewa, kuma zuciyata ta ƙi barin keken. Ina jin ƙarar baburan 'yan bindiga tana matsowa ina nan tsugune ina cizon igiya kamar ɓera. Allah ne kawai Ya sa suka karkata wata hanya. Ba dabarata ba ce, ba kuma ƙarfina ba. Da na dawo gida na ga Innarka tana shanya, na shige ɗaki na daɗe ban fito ba.

Saboda haka duk ɗaurin da za ka yi, ƙarshensa ya zama zarge, wanda ja ɗaya zai kwance shi. In kuma abu ya zo da gaggawa, kada ka tsaya ko jan zargen. Ka bar jaka, ka bar magani, ka bar keken, ka shiga dawa. In an tare ka kada ka yi gardama a kan kaya. Jaka ba ta da uwa, kai kana da ita. Kowace safiya ka tambayi mutanen gari labarin hanya kafin ka fita, in sun ce kar ka bi, kar ka ce ai an sa maka rana a ofis. Kuma la'asar ta same ka a cikin gari.

Saura jelar igiya. Ita na bari ƙarshe, don na fi awa ɗaya ina juya biro a kanta, na tashi na sha ruwa na dawo har sau biyu.

Ka ɗaga hannunka ka taɓa girarka ta hagu. Tabon nan da ke wurin, an gaya maka kana da shekara uku na goya ka a keke, akuya ta gitta mana muka faɗi. Ka girma da wannan labari. Har kana tsokana a gida kana cewa shi ya sa ka karanci dabbobi, don ka rama da allura. Duk sadda ka faɗi haka ana dariya, ni tashi nake yi in fita, kuna cewa Baba ba ya son wasa.

Babu akuya.

Ga yadda aka yi. Kakarka ta wajen uwa ba ta da lafiya, Innarka tana can gidansu bayan layin dogo tana jinya, ta aiko a kai mata kai. Ranar babu kowa a gida da zan ba, dole ni na ɗauke ka. Na naɗa zane a sandar keke na zaunar da kai a gabana, na sa 'yan kayanka a jaka na rataya a kan keke. Igiyar jakar doguwa ce, jelarta ta sauko har gefen taya. Na gan ta. Wallahi na gan ta, na ce ai nan da nan ne, ba nisa.

Hanyar tana bi ta gindin durumin da ke kusa da tashar jirgi, inda abokaina ke zama. Da na hango su sai kunya ta kama ni. Na san abin da zan sha: ga Mamman da ɗan fari a gaba, yau ido ya bushe. Da ni mai hankali ne, da na sauka na tura keken, in sha tsiyar da za su yi mini in wuce. Sai na sunkuyar da kai na taka feda da ƙarfi don in wuce kafin su gane ni. Jaka ta fara lilo. Kana dariya kana cewa in ƙara. Jelar igiya ta shige cikin wayoyin taya, taya ta tsaya cak, keke ya ɗaga baya.

Ni ban ji ciwon komai ba. Kai ka tashi sama ta kan keke ka sauka da fuska a kan tsakuwar layin dogo. Ka yi shiru, ba ka yi kuka ba, jini ya rufe maka ido. Wannan shirun har yau ina jin sa. Ranar ce kaɗai a rayuwata na kira sunanka da ƙarfi a bainar jama'a, na yi ta kira ina girgiza ka, a gaban mutanen da nake gudun su ga na ɗauke ka. Babu wanda ya yi mini tsiya, ranar ko bayanta.

Abokina Bawa, Allah Ya ji ƙansa, shi ya fara isa wurin keken. Ya ga igiya nannaɗe a taya, ya sa wuƙa ya yanke ta ya tura aljihu. Da mutane suka taru suna tambayar me ya faru, ya ce, "Akuya ta tag gitta mai." Ni kuma ban ƙaryata shi ba. Wanda ya ɗinke ka a asibiti ya ce da abin ya sauko da faɗin yatsa ɗaya da idon ya tafi. Bawa ya koma ga Allah da maganar a cikinsa, ni na ci gaba da riƙon ta shekara ashirin da biyu, ina barin ana zagin akuyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Ɗazu da hantsi na ce ba zan rubuta maka abin da Innarka ba ta sani ba. Na same ta tana tsince wake, na tsaya a kanta na faɗa mata duka. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ni niw wanke jakar, Malam. Akuya ba ta yanke igiya da wuƙa, ba ta kuma barin baƙin mai gare ta." Can ta ce, "Tahi ka rubuta mai da hannunka. Ni na gaji da kai saƙo."

To ga shi na rubuta. Ba don ka ji tausayina ba, ba kuma don in sauke nauyi in ɗora maka ba. Ranar Juma'a da na leƙo na ga jelar igiyoyin nan suna lilo gefen tayarka, tsakuwar layin dogo na gani. Sau ɗaya igiya ta jefar mini da kai, ina da ƙarfi, ina kusa, na ɗauke ka na ruga asibiti. Yanzu gwiwa ta tafi, kai kuma kana inda ko ka kira ba zan ji ba. Duk jelar da ta rage ka naɗe ta, ka cusa ta ƙarƙashin 'yar'uwarta, ka bi ta da roba. In ta yi tsawo ka yanke ta ka ƙona bakin da ashana. Kada ka bar ko kamu ɗaya yana reto, ko da nan da masallaci za ka je.

A cikin ledar da Sani zai ba ka akwai roba huɗu, ni na yanka su da kaina daga tub mai kyau, da guntayen silifa shida. Silifar tawa ce, Innarka tana ta mita wai ba ta mutu ba tukuna. Kada ka ajiye su a ƙarƙashin gado ka ce "To Baba."

Lawali, ka kwance jakar nan ka sake ɗaure ta. Ka yafe mini tabon da ke fuskarka, kada kuma ka ƙara masa wani.

Allah Ya kai ka duk inda za ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na daji, da na mutum da na dabba, Ya rufe idon azzalumai daga gare ka. Ya sa albarka a hannunka da abin da za ka taɓa, Ya sa mutanen ƙauyukan nan su yi murna da zuwanka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'ar hawa kafin ka taka feda. Ka gaishe da mai masaukinka da abokan aikinka. Allah Ya yi maka albarka, amin.

In ka sake ɗaurin ba sai ka kira ni ba. Ka gaya wa Innarka, za ta gaya mini.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Mamman